Farantin saman salansa yana kwaramniya: in cire ko in gyara?

Ɗan_Auyo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan mota. Ina da Hilux mai shan fetur, tsohuwar yayi, da ita nake kwaso shanshera daga gonakin Auyo zuwa Haɗeja, wani lokaci har kasuwar Gujungu. Tun shigowar kakar nan ta ɗauki wata ƙara daga ƙarƙashi, kamar ana kaɗa gwangwani. In tana silo ana jin ta ƙasa-ƙasa, in na ɗan taka totur sai ta tashi sosai, in mota ta miƙe a kwalta kuma sai ta ɓace. Yaron da ke mini faci ya leƙa, ya ce wani faranti ne marar kauri da ke tsakanin salansa da bodi ya saki, gefe ɗaya yana reto. Shawararsa a fizge shi a yar, wai ba aikin da yake yi. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ban ga dalilin da masu ƙera mota za su ɓata ƙarfe a banza ba. In cire ne ko akwai gyara? Garejin kirki yana mana nisa, ga shi lokacin aiki ne, ba na son motar ta kwana a hannun wani.

Direban_Maigatari:
Wa alaikumus salam. Cire shi kawai ka huta, Malam. Tawa tun da na saye ta ba ta da shi, kuma duk Alhamis ina hanyar Maigatari da tumaki a baya. Ban ga abin da ya same ta ba.

Oga_Sale_Makanike:
Wa alaikumus salam. Ɗan Auyo, kada ka bari a fizge shi. Farantin kare zafi ne, shi ke tare zafin salansa kada ya isa ga bodi da abin da ke bin jikin bodi, wato wayoyin wuta, bututun mai, bututun birki, a wasu motocin har da tanki.

Amma kafin maganar gyara a tabbatar shi ne mai kukan. Gobe da safe, kafin ka tayar da ita, lokacin salansa ta huce sarai, ka ja hanbirki, ka tokare tayoyi da duwatsu, ka shiga ƙarƙashi. Hilux tana da tsayi, ba sai an ɗaga ta ba. Ka bi salansar tun daga inji har wutsiya kana bugawa da tafin hannu ko guntun ice. Inda faranti ya saki za ka ji ya amsa maka car-car, siririyar ƙara, kuma in ka danne shi da yatsa ka sake bugawa sai ta ɗauke. In kuwa ƙarar daga cikin tukunyar salansa take fitowa, wannan wata magana ce daban. Ka kuma duba robobin da salansa take rataye a jikinsu. In ɗaya ta tsinke, bututun ne da kansa ke dukan shasi, kuma ƙararsa mai nauyi ce, a gargada aka fi jin ta.

Sannan farantin ba ɗaya ba ne. Akwai na kan manifol, wato inda salansa ta haɗu da jikin inji, a cikin bonet, akwai wanda ke rungume da bututun ko tukunyar, akwai wanda aka ɗaure a jikin bodi yana kallon salansa daga sama. Kowanne da irin gyaransa. Ka faɗa mana wanne ne naka.

Baba_Mai504:
Sale, Allah ya yi maka albarka, amma bari in tambaye ka. Mu da muka yi zamani da a-kori-kurar Fijo 504, wadda a da ake haɗawa a nan Kaduna, mun yi lodin gyaɗa da gero da ita daga Gumel zuwa Kano ba tare da mun san waɗannan farantai masu yawa ba. Me ya canza?

Malamin_Fasaha:
Baba, ranka ya daɗe, motar ce ta canza. A 504 salansa bututu ne da tukunya, hayaƙi ya bi ya fita. Motocin fetur na baya-bayan nan suna da ƙarin tukunya kusa da inji mai tace hayaƙi, wadda makanikai ke ce wa indomi. Ita sai ta yi zafi take aiki, don a cikinta ake ƙarasa ƙone abin da inji bai ƙone ba. A tafiya ta yau da kullum zafinta yana kaiwa tsakanin digiri 400 zuwa 800 a ma'aunin Salsiyos. In filogi ɗaya ba ya ba da wuta, ɗanyen fetur yana gangarowa cikinta, tana iya yin ja-wur.

Ga shi kuma motar yanzu cike take da roba da wayoyi a ƙarƙashi, abin da ta zamaninku ba ta da shi da yawa. Ɗauki man birki kawai: sabon DOT 3 yana tafasa ne a digiri 205, amma in ya tsufa ya sha danshi yana saukowa wajen 140. Ba na cewa duk motar da aka cire wa faranti birkinta zai tafasa. Ina cewa tazarar da ke tsakanin zafin tukunyar da abin da man birki ke iya jurewa tana da girma, kuma farantin nan da iskar da ke bayansa su ne a tsakani.

Game da abin da Ɗan Auyo ya ce ƙarar na ɓacewa in mota ta miƙe: kowane sakakken ƙarfe yana da gudun inji da yake amsa wa. In juyin inji ya zo daidai nan sai ya hau rawa, in ya wuce sai ya yi shiru. Wannan alama ce mai ƙarfi cewa faranti ne.

Baba_Mai504:
To, na ji. Madalla da wannan bayani, Malam. Ko a zamaninmu ma in rana ta take, mota ta sha lodi, fetur kan yi zafi a bututu ta ƙi tashi sai an jiƙa tsumma an ɗora. Zafi dai ba abin wasa ba ne.

Hajiya_MaiShinkafa:
Ni ba makanikiya ba ce, amma ina ɗaukar hayar irin waɗannan motoci a Kura da Garun Malam, kuma abin da na gani da idona zan faɗa. Wata kaka direba ya shigo da mota har tsakiyar inda aka yi bugu, ya tsaya a kan bambaro, ya bar ta a kunne ana lodi. Ba mu ankara ba sai ƙauri, sai hayaƙi daga ƙarƙashi. Allah ya taimake mu akwai ruwa a kwalbatin da ke kusa, yara suka yi ta kamfato shi da bokitai, shi kuma ya ja motar gaba. Da iskar hunturu ta taso a lokacin, da buhunan mutane da yawa sun tafi. Tun daga nan ba na yarda mota ta tsaya mini a kan bambaro, sai an share wuri. Don haka ɗana Ɗan Auyo, duk abin da aka ce yana kare zafi, kada ka yar da shi.

Direban_Maigatari:
Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa. Amma a duba maganar da kyau. Farantin da Ɗan Auyo yake magana a kai yana sama ne, tsakanin salansa da bodi. Bambaro kuma yana ƙasa. Ko yana nan ko ba ya nan, in ka tsaya a kan bambaro da zazzafar salansa wuta za ta tashi. Wannan laifin wurin tsayawa ne.

Oga_Sale_Makanike:
Nan kam Direba ya yi gaskiya. Na sama ba ya kare ciyawa. Wanda ke kare ta shi ne na ƙasan tukunyar indomi, a motocin da suke da shi, kuma shi ne ya fi saurin tafiya a hanyoyinmu don shi kunya da dutse suke fara duka. Har ma akwai abin da ya kamata masu shiga gona su sani: farantin kansa yana iya zama matsala in ba a kula da shi. Bambaro, harawa da ƙaiƙayi suna cusuwa tsakaninsa da bututu, su bushe ƙayau, su zauna a jikin ƙarfe mai zafi. Na sha zaro tulin ciyawa da ta riga ta yi baƙi daga irin wannan wuri. A lokacin kaka, duk wanda ke shiga gona ya riƙa leƙawa da safe yana zaƙulowa da waya, ya duba farfela ma don ita ma tana naɗe bambaro.

Amma Direba, taka motar ta gas ce, wato dizal, ko ta fetur?

Direban_Maigatari:
Ta gas ce, tsohon inji, ba ta da wata indomi.

Oga_Sale_Makanike:
To ka ga bambancin. Taka ba ta tara zafi a ƙarƙashin kujera yadda tasa take yi. Duk da haka, ranar da ka hau doguwar hanya da cikakken lodi, ka taɓa daɓen motar ta gefen da salansa ke bi ka ji.

Ɗan_Auyo:
Na gode ƙwarai jama'a. Oga Sale, na yi yadda ka ce. Na jikin bodi ne, daidai ƙarƙashin kujerar fasinja, fari ne marar nauyi, da alama alminiyon ne. Kusoshin da ke fitowa daga bodi suna nan lafiya, notinansu ma suna nan a ɗaure. Farantin ne ya yage a kewayen noti biyu, ramin ya buɗe har noti yana wucewa ta ciki. Sauran biyun suna riƙe. Da na danne shi da hannu na buga salansa, shiru. Robobi duk lafiya. Na kuma zaro bambaro mai yawa, Hajiya ta yi gaskiya.

Oga_Sale_Makanike:
Alhamdu lillahi, ka samu mafi sauƙinsu. Wannan ba ya buƙatar gareji. Abin da kake nema shi ne washa mai faɗi, wadda ta fi ramin da ya yage girma sosai, amma ramin tsakiyarta daidai kusar. Ka kwance notin, galibi sifana mai lamba 10 ce ke kama shi. Ka sa washa ɗaya a bayan farantin, ɗaya a gabansa, su matse shi a tsakiya, sannan ka mayar da noti. In ba ka samu washa mai faɗi a wurinku ba, ka yanko daga guntun kwanon rufi ko wani falle mai ɗan kauri, ka yi ta murabba'i faɗin yatsa uku, ka huda tsakiya. Tana aiki daidai da ta kanti.

Ka kula da abu biyu. Kusoshin nan sirara ne kuma a jikin bodi aka like su. Ka goge su da burushin waya, ka ɗiga musu kananzir ko man birki, ka ba su lokaci su sha kafin ka sa sifana. In noti ya ƙi, ka riƙa yi gaba kaɗan baya kaɗan, kada ka yi masa ƙarfi. In kusa ta karye aikin ya ninka. Wajen ɗaurewa ma a hankali, ya kama dai ya isa. Saboda gargada, ka ƙara noti na biyu a kan na farko ka matse su da juna, ko ka sa washa mai sifirin. Kada ka sa notin nan mai farar roba a ciki, zafi yana cinye robar.

Na biyu kuma shi ne ya fi muhimmanci: bayan ka gama, farantin kada ya taɓa salansa ko kaɗan. A samu tazarar da yatsa zai shiga. In ya lanƙwashe ya kwanta a kan bututu, ka miƙar da shi da hannu, yana da laushi.

Yaron_Gareji_Wudil:
Oga, ni a wurinmu in an kawo irin wannan, robar tif muke yankowa mu ɗaure, ko igiyar robar nan da ake zugewa. Nan take ƙara take ɗaukewa.

Oga_Sale_Makanike:
Ƙanina, tana ɗaukewa har mai mota ya bar ƙofar gareji. Roba ba ta zama kusa da salansa. Ta narke, ta ɗiga, ta yi wari, wani lokaci ta kama wuta. In dole sai an ɗaure, a sa ƙarfe. Ka daina wannan, kuma ka gaya wa 'yan'uwanka a garejin.

Yaron_Gareji_Wudil:
To Oga, na ji. Wayar ɗaurin rodi fa?

Oga_Sale_Makanike:
Ita za ta kai mutum gida in a daji abin ya same shi. Amma tana tsatsa, kuma girgiza tana sa ta yanka farantin sannu a hankali. Ga farantin da ke rungume da bututu, wanda waldarsa ta saki, abin da ya fi shi ne kilif irin na tiyon lagireto, mai sukurun da ake matsewa da sukundireba. A nemi babba, na farin ƙarfe marar tsatsa. In ɗaya bai zagaye tukunya ba, a buɗe biyu a sa wutsiyar wannan a bakin wancan, su zama ɗaya dogo. A matse, a yi tafiya mota ta yi zafi ta huce, a sake matsewa.

MaiWalda_Ringim:
Bari in sa baki tunda sana'ata aka kusa tabowa. Kullum sai an kawo mini mota an ce in ɗan ɗiga wa faranti walda. In na ƙarfe ne da ke jikin bututu, ana iya yi, amma da waldar gas ta kabaid, da ƙaramar wuta, don falle ne marar kauri. Waldar lantarki huda shi take yi, wani lokaci ta huda bututun ma a koma neman gyaran salansa. In kuwa irin na Ɗan Auyo ne, na alminiyon, babu wanda zai like shi da ƙarfe da injinan da muke da su a bakin hanya. Alminiyon yana narkewa tun a wajen digiri 660, kafin ƙarfe ya fara ja sosai shi ya zube. Duk mai waldar da ya ce maka zai yi, kada ka ba shi.

Kuma in za a kai wuta ƙarƙashin mota, a cire kan batir, a duba inda tanki da bututun fetur suke, a jiƙa buhu a rufe su, a ajiye ruwa da yashi a kusa. Ni in na ji warin fetur a ƙarƙashin mota ba na kunna wuta ko nawa za a ba ni. Washar da Oga Sale ya faɗa ta fi walda a wannan aikin, ko da yake ni ba abin da zan samu a ciki.

Alhaji_Dawanau:
Tunda an ambaci indomi, ina da jan hankali. Wani yarona ya kai motarmu gyaran irin wannan ƙara a wani gareji cikin birni, aka ce masa tukunyar ce ta lalace, a fasa a zubar da abin ciki. Aka fasa, aka like, ƙara tana nan, ashe faranti ne. Abin cikin kuwa ba a zubar ba, sayar da shi ake yi. Duk wanda zai kai mota gyaran salansa ya tsaya a kanta.

Malamin_Fasaha:
Haka ne Alhaji. Abin da ke cikin tukunyar yumɓu ne mai ƙananan ramuka da aka shafa wa ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, shi ya sa ake farautarsa. Yana iya farfashewa da gaske, musamman in tukunyar ta daki dutse, kuma a lokacin in ka buge ta za ka ji gutsattsari suna motsi a ciki, sau da yawa mota ta rasa ƙarfi a hawa don sun toshe hanya. Amma gwajin Oga Sale yana raba gardama: in ka danne faranti ƙara ta ɗauke, ba ruwan tukunya.

Direban_Maigatari:
Ni fa har yanzu ina ganin ana girmama abin fiye da kima. Motoci nawa ne a tashar Gumel da Maigatari suke yawo ba faranti? In da yana kashe mota da tuni an daina ganinsu.

Hajiya_MaiShinkafa:
Malam Direba, waɗanda suka ƙone ai ba sa zuwa tasha balle ka ƙirga su. Kuɗin washa nawa ne da za a tsaya ana ja?

Bala_Kazaure:
Ni abin da ban gane ba, me ke sa ramin ya yage tun farko? Tawa 'yar Kwatano ce, ko wata shida ba ta yi a hannuna ba na tarar duk kewayen notinan ya zama gari, fari-fari, kana taɓawa yana zuba.

Malamin_Fasaha:
Malam Bala, taka da ciwonta ta zo. A ƙasashen sanyi irin su Kanada, arewacin Amurka da Jamus, ana zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. In alminiyon yana manne da ƙarfe, ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, alminiyon ɗin ne ke cinyewa, kuma daidai inda suka haɗu, wato kewayen noti. Farin garin da ka gani ke nan. Mu a nan ba mu da wannan gishirin. Namu girgiza ce: hanyar burji mai gargada tana kaɗa farantin dare da rana har ƙarfen ya gaji ya tsage a inda aka matse shi. Sai kuma taɓon damina da ke maƙalewa a bayansa ya riƙe danshi. Ko wanne ne, maganin dai faffaɗar washa, don tana raba nauyin a wuri mai faɗi. In ka ga dama ka shafa ɗan giris a kusar kafin ka mayar da noti.

Bala_Kazaure:
Nawa ya wuce washa, rabinsa ya tafi. Sabo ake samu ko yaya?

Alhaji_Dawanau:
Ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano wajen masu kayan motocin da aka farke. Ka tafi da tsohon a hannu a gwada ramuka, don ko a Hilux ɗin ma na kowace ƙira daban ne.

MaiWalda_Ringim:
In bai samu ba ana yin sa. Na jikin bodi ba wani siddabaru a cikinsa. A shimfiɗa tsohon a kan kwali a zana, a yanka sabon falle da almakashin kwano, a naɗe bakinsa don kada ya yanki hannu kuma ya ƙara masa ƙarfi. Fallen alminiyon na rufi mai ɗan kauri yana yi. In shimfiɗaɗɗe ne sumul zai yi kuka, sai a ɗan bubbuga masa layuka da guduma ya yi tauri, shi ya sa na kamfani yake da gurza-gurza. Amma na kan manifol kada a yi shi da alminiyon ko kwano mai ruwan tutiya, zafin wurin ya fi ƙarfinsu. Can sai baƙin ƙarfe, ko a nemo na asali.

BabanKhadija:
Sannunku da ƙoƙari. Tunda an zo kan manifol, ni nawa matsalar can take. Murfin da ke kansa yana ƙara, na duba na ga kusa ɗaya ta karye a ciki, kanta ya tafi, sauran suna nan. In bar shi haka?

Oga_Sale_Makanike:
Baban Khadija, kada ka bar shi yana kaɗawa, sauran ramukan za su yage su ma. Kuma kada ka cire, don shi ke kare wayoyi da tiyo da ke kusa, a wasu injinan har da kik. Kik ɗin da ya sha zafi shi ne wanda mota za ta ƙi tashi in ta yi tafiya, sai ta huce ta tashi lafiya. In guntun kusar ya ɗan leƙo waje, mai walda zai ɗora noti a kai ya cika tsakiyarsa da walda. Zafin yana sassauta tsatsar, in ya ɗan huce a juya da sifana ya fito. In ya karye a ciki sosai sai an huda, kuma wannan aikin mai haƙuri ne, a ba wanda ya saba. Kafin nan babban kilif zai riƙe shi in akwai inda zai zagaya.

Ka kuma duba ko akwai baƙin hayaƙi a jikin murfin ta ciki. In akwai, ko kana jin tik-tik da safe wanda ke raguwa in inji ya yi zafi, to gasket ne ko manifol ɗin ya tsage, hayaƙi yana fita. Wannan ya fi ƙarar faranti haɗari, don hayaƙin yana shiga cikin mota, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Direba ya ji ciwon kai da barci yana tuƙi.

Manomi_Kafin_Hausa:
Don Allah duk mai shiga ƙarƙashin mota a ƙauye ya ji wannan. Ƙasarmu yashi ce, jak yana nutsewa ko ya goce. Mun yi rashin wani bawan Allah a yankinmu ta haka. In dole sai an ɗaga, a sa katako mai faɗi a ƙarƙashin jak, a tokare shasi da kututture, a tura safaya ƙarƙashi. In ba dole ba, a hau da tayoyin gefe ɗaya kan tudu mai tauri ya fi.

Baba_Mai504:
Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Wannan magana a riƙe ta.

Ɗan_Auyo:
Amin. Ga inda aka kwana. Washa mai faɗi ba ta samu a nan ba, sai na yanka daga guntun kwano kamar yadda Oga ya ce, biyu-biyu a kowane rami, na ƙara noti a kai. Yatsana yana shiga tsakaninsa da salansa ko'ina. Na yi lodi zuwa Haɗeja, babbar ƙarar ta tafi. Sai dai akwai wata 'yar ƙarama da ta rage, zir-zir, in ina tashi daga giya ɗaya zuwa biyu. Da na sake dubawa na ga tsaga a gefen farantin, tsawon ɗan yatsa, bakunan biyu suna gogar juna.

MaiWalda_Ringim:
Ka huda ƙaramin rami daidai inda tsagar ta ƙare, shi zai hana ta ci gaba. Sannan ka ɗora ɗan falle a kanta ka kama shi da ribit ko ƙananan kusoshi masu noti, biyu kowane gefe.

Sani_Birnin_Kudu:
Ni ina shakkar wannan ta biyun daga faranti take. Ƙarar da ke zuwa daidai lokacin da inji ke jan nauyi a ƙaramin gudu tana iya zama ta inji, musamman in an sha fetur ɗin bumburutu marar kyau. Ɗan Auyo, ka tsayar da mota, ka sa ta a firi, ka taka totur a hankali. In ta yi zir-zir ɗin a tsaye, ƙarfe ne ke kaɗawa. In sai da lodi a kan hawa take yi, ka canza gidan mai ka sa a duba filogi da tayimin.

Oga_Sale_Makanike:
Gwajin Sani mai kyau ne, a yi shi kafin a huda komai. Amma tsagar ma a gyara ta ko ba ita ba ce, don ba za ta tsaya inda take ba.

Direban_Maigatari:
Oga Sale, na taɓa daɓen da ka ce a hanyar dawowa daga kasuwa. Da zafi, har ledar da ke shimfiɗe a wurin ta ƙanƙance. Ban ce zan sayi sabo ba, don har yanzu ina ganin a motar gas abin bai kai yadda ake faɗa ba. Amma kusoshin suna nan a jikin bodi, guda huɗu. MaiWalda, in na shigo Ringim da fallen, ba tsohon da za a zana a kai, za ka iya aunawa daga jikin motar?

MaiWalda_Ringim:
Ana iyawa. Ka zo da kwali babba, mu danna shi a kan kusoshin su yi mana alama. Ka zo da safe motar ba ta yi zafi sosai ba, kuma fallen ya ɗara bututun faɗi da kamar tafin hannu ta kowane gefe.

Ɗan_Auyo:
Malam Sani, na gwada a tsaye, tana yi ko ba lodi, amma ba kullum ba, sai allurar juyin inji ta ɗan wuce dubu biyu. Abin hudawa ne ba ni da shi a nan. Ƙusa da guduma za su yi wannan ƙaramin ramin, ko za su ƙara yaga shi?

Oga_Sale_Makanike:
Za su yi in ka sauke farantin ka ɗora shi a kan katako, ka sa ƙusa mai kaifi, bugu ɗaya. A jikin mota yana reto kada ka gwada. Tunda za ka sauke shi, ka duba bututun mai da wayoyin da ke bayansa ko akwai inda roba ta taurare ko ta tsattsage, don gefen nan ya jima a buɗe.